Kujerun Gwaggo ba sa zaɓen ƙofa

Duk faɗin unguwar Hindawiyya ta Makka, kai har ka haɗa da Jarwal tun kafin a rushe lungunanmu a dasa otal-otal, babu mahaluƙin da Gwaggo take jin maganarsa kamar ni. Ni ne ɗan ƙaninta, ni ne direbanta, ni ne bakinta a taron maza. In ta yi tari, ni ake tambaya ma'anarsa. Wannan kowa ya sani, wanda bai sani ba kuma na sha gaya masa.

Shi ya sa har yau nake mamakin yadda ranar da Allah ya karɓi abarsa, ni ne na ƙarshen ji. Ina can Aziziyya ina sauke wa wasu ɗalibai firiji, wayata tana cikin mota tana ta kuka ita kaɗai. Da na dawo unguwa na tsaya sayen burodi wajen Bayamanen nan na bakin titi. Ya miƙo min da idanu jajur, ya ce, "Azzamallahu ajrak."

Na ce, "Amin. Wa ya rasu?"

Ya dube ni kamar na taka masa kullu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ce, yayar mahaifina, ta tafi da hantsi bayan doguwar jinya, kofin shayinta a gefe bai ko huce ba.

Na iske ƙofar gida ta cika. Jikokinta, waɗanda Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "tuwo" ba, suna ta kuka da Larabci. Ɗaliban ilimi da ta saba ciyarwa da miyar kuka sun taso daga Aziziyya, wani dogo a cikinsu yana ta maimaita, "Yau mun zama marayu a ƙasar mutane." Wata tsohuwa, ƙawarta tun zaman Jarwal, ba ta yi hawaye ko ɗigo ba, faɗa take yi. "Mun yi da ita ni zan riga ta! Ita za ta yi min wanka! Haka take tun muna yara, ba ta iya bin layi ba." Baffa kuwa, autansu, wanda shi kaɗai ya rage a ɗakinsu kuma shi ne shugaban ƙungiyar unguwa, yana zaune ya dafa sanda.

Can tsallaken titi, jikin bangon wani shago da aka rufe, na hango Mai Masa a tsugune, ya rufe rabin fuskarsa da ƙyalle. Bai matso ba, bai kuma tafi ba. Duk wanda ya san unguwar nan ya san abin da ake jira a gani game da shi. Wanda bai sani ba, bari in koma baya.

A nan Makka, in an yi rasuwa, bayan an kai gawa Harami an sallace ta an rufe, sai a yi kwana uku ana zaman makoki tsakanin Magariba da Isha. A jera kujeru a titi a ƙofar gida, a ja igiyar fitilu a sama, a yi ta zagayawa da gahawa da dabino. Mazan gidan su tsaya a sahu ɗaya, duk wanda ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kafaɗar kowa ya yi masa ta'aziyya. Wannan sahu ba wurin wasa ba ne. Wanda ya tsaya a ciki, an shaida wa duniya cewa shi aka yi wa mutuwa.

Ƙungiyar unguwarmu, wadda iyayenmu Hausawa suka kafa, dukiyarta ke nan: kujeru, dardumai, fitilu da butocin gahawa. A ɗakin ƙasa na gidan Gwaggo ake ajiye su, makullin kuma yana ɗaure a bakin mayafinta. Da shi take salla, da shi take barci. Na taɓa cewa ko ɓarawo ya sace Gwaggo, kujeru zai fara tambaya.

Mace ce 'yar ƙarama, in ta zauna a gaban dabbab ɗina, 'yar motar da nake ɗaukar kaya, sai ka rantse ni kaɗai ne a ciki. Amma muryarta tana kaiwa Mina ba lasifika. A Jarwal aka haife ta, sau ɗaya ta taɓa ganin Kano, duk da haka in ta ji Bakano yana magana sai ta gyara masa Hausa. Shayinta da na'ana'a ne, sukari kuwa likita ya hana, saboda haka a ɓoye take zubawa, a gaban kowa. In an kawo mata gulma sai ta ce, "Ka ci abinci?" In ka ce ka ci, ta ce, "To ƙoshi ne ke damunka." In ka ce ba ka ci ba, ta cika maka baki da tuwo har ka manta da wanda ka zo ci.

Shi Mai Masa ɗan daudu ne, bai taɓa ɓoyewa ba, tafiyarsa ma ba za ta bari ya ɓoye ba. Tun yana yaro aka zo da shi ƙasar nan. Masarsa kuwa, jama'a, in ka ci ɗaya sai ka yafe wa maƙiyanka. Shekara da shekaru yana zaune ɗaki ɗaya da wani direban tasi, mutum mai shiru-shiru. Kowa ya san zaman da suke yi, babu mai faɗa. Da safe a yi layin masa, in naƙuda ta tashi a buga wa Direba ƙofa, in an taru a majalisa kuma a yi da su a ƙyalƙyale da dariya. Haka muka zauna, kowa da rabon munafuncinsa.

Sai ciwo ya kwantar da Direba, ya daɗe, ya rasu. Aka kai shi aka rufe. Da aka dawo, dattawan ƙungiya suka hau saman soron Baffa bayan La'asar don a yanke maganar kujeru. Ba a taɓa yin taro a kan maganar kujeru ba sai ran nan. Kullum in an yi mutuwa, ni kawai ake kira in loda.

Gwaggo ta aiko aka kira ni. "Ɗauko min 'yar kujerata, ka biyo ni."

Muka hau, tana hutawa a kowane bene tana tsine wa wanda ya gina gidan. Da Baffa ya gan ta ya miƙe. "Yaya, wannan zaman maza ne."

"To ku kira su mana in gaishe su."

Ta zauna. Baffa ya gyara murya. "Yaya, haƙƙin musulmi mun sauke. An yi masa wanka, an yi masa salla, an rufe shi. Amma mu kai kujeru ƙofar nan, mu kunna fitilu, mu tsayar da wancan a sahu, a matsayin wa? Wa ne, ko ƙane? Me za mu ce wa yara?"

"A matsayin wanda ya yi jinya. Da mutumin nan ya kasa juyawa, wa ya juya shi? Kai? Wa ya wanke masa jiki, wa ya ba shi kunu a cokali? Yara kuwa ka ce musu mutum ya mutu, wani yana kuka. Sun fi ku ganewa."

Wani matashi mai karatu ya ce cikin ladabi, "Hajiya, abin da ake faɗa a kansu ai haramun ne."

Ta ce, "Ɗana, ban zo neman fatawa ba, ba ni kuma da wadda zan bayar. Ranar hisabi ba ni za a ba wa ma'auni ba. Ni makulli aka ba ni."

Daga baya can wani ya yi ƙasa da murya ya ce ai da an kai bilagi, wato ƙara, wajen hukuma an huta, tunda takardun zaman Mai Masa ma ba su da ƙarfi, a kwashe shi a mayar da shi inda ya fito. Ban taɓa ganin fuskar Gwaggo kamar lokacin ba. Ta juya gaba ɗaya ta nemo mai maganar.

"Kai ne? Kai da na ɓoye ubanka a bayan buhunan shinkafa ranar da motar kame ta shigo Jarwal? Mu da muka girma muna ɓoye juna daga motar nan, yau mu ne za mu kira ta? A mayar da shi ina? Wa ya sani a can? Wanda zai kai bilagi ya fara da ni, ya ce ga uwarsu nan."

Sai ta ɗan taɓa ni da ƙafa ta ce, "Yi musu bayani."

Jama'a, na tashi. Na fara daga tushe, wato daga ranar da kakanmu ya bar gida a ƙafa da niyyar aikin Hajji. Na bi da su ta Barno, na ratsa da su Chadi, na faɗi sunan jakinsa da halinsa. Ina cikin shiga Sudan, ban ko hango teku ba, aka kira Magariba. Wallahi ban taɓa ganin tsofaffi masu ciwon gwiwa sun sauka bene da irin wannan gudu ba. Tsoron Allah ke nan.

Gwaggo ta dubi soro babu kowa, ta ce, "Ka ji wani ya ce a'a?"

"Ban ji ba."

"To je ka loda."

Na loda, na jera kujeru a ƙofar Mai Masa, na ja fitilu har titi ya koma kamar rana. Aka dafa gahawa. Babu wanda ya zo. Kujeru reras, sai kyanwa ɗaya da ta hau ta gaba ta kwanta. Mai Masa ya ƙi fitowa, yana daga ciki yana cewa, "Hajiya, ki rufa min asiri, ki kwashe kayan nan. Ni wa ne da zan tsaya?" Gwaggo tana zaune bayan labulen ƙofa, ta ce, "Ƙanena, fito ka tsaya. Kai aka yi wa mutuwa."

Ya fito ya tsaya shi kaɗai, sahun mutum ɗaya. Gwaggo ta leƙo ta ce da ni, "Kai, ba ka iya ta'aziyya ba ne?" Na je na dafa kafaɗarsa na yi masa. Ta ce, "Zagaya ta bayan gida ka sake zuwa." Na zagaya na dawo na sake. Ta ce, "Ƙara." Ran nan ni ne jama'ar Hindawiyya, ni ne baƙin Jarwal, ni ne wakilan Jidda. Na yi ta zagaye har kyanwar ta fara gaishe ni. A wani zuwan da na dafa shi, sai na ji kafaɗar tana rawa. Na ɗauka kuka ne. Ashe dariya ce da kuka suka haɗe masa, ya rasa wadda zai saki.

Washegari Gwaggo ta ɗauki sandarta ta shiga gida-gida. Ba ta nemi maza ba, wajen mata ta je. "Ke, da naƙudar ɗan farinki ta tashi, mijinki yana Ɗa'ifa, wa ya kai ki asibiti? Ke kuma, da uwarki ta faɗi a banɗaki, motar wa aka sa ta?" Ban san abin da matan suka gaya wa mazansu ba. Na dai san a rana ta uku an sami gidaje da yawa da ba a ɗora tukunya ba, kuma bayan Magariba sai ga maza suna zuwa ɗaya-ɗaya, kowa yana kallon ƙasa kamar ya yar da wani abu. Ba duka suka zo ba. Baffa bai zo ba. Amma kujeru sun ɗumama, an ci shinkafar makoki, kuma manyan unguwa sun dafa kafaɗar Mai Masa.

Kada wani ya ɗauka daga nan aka tafa aka tashi. Gwaggo ta sha wuya. Wasu sun hana 'ya'yansu shiga gidanta. Aka laƙaba mata "uwar 'yan daudu", ta ce, "Madalla, su dai suna gaishe ni da safe." Baffa ya yi azumi guda cur bai sha kununta ba, ita kuma kullum sai ta aika, a dawo da shi, ta ba ni. Wannan rigima ta ƙara min ƙiba ƙwarai.

Ba ta tsaya a Mai Masa ba. Akwai wasu mata biyu masu ɗinki da suke zaune tare, ba aure, ba dangi, surutu ya yi yawa har mai gidan haya ya watso musu kaya waje. Gwaggo ta sa na kwaso keken ɗinkinsu na kai ɗakin samanta, ta shigar da su zaman matan ƙungiya, ta zaunar da su kusa da ita. Wata ta ja tabarmarta gefe. Gwaggo ta ce, "Ja da kyau, 'yar nan, akwai wuri a waje." Da ƙaramar ta kwanta asibiti, Gwaggo ta kafe sai an bar babbar ta yi jinyarta, ta ce da dangin da suka zo daga baya, "Wadda ta san yadda take shan shayinta ita za ta zauna."

Abu biyu take nema a ƙungiya, kuma duk zaman wata sai ta hau soron nan ta maimaita su. Na ɗaya, kujeru su je duk ƙofar da aka yi mutuwa, wanda ya yi zama da mamaci ya tsaya a sahu. Na biyu, kada ɗan ƙungiya ya kai maƙwabcinsa ga hukuma a kan abin da ke bayan ƙofarsa. Duk zama su ce a bari sai wani watan, duk zama ta taɓa ni da ƙafa, ni kuma in tashi in ci gaba daga inda na tsaya. Mun shekara muna Sudan. Ranar da na kawo kakanmu bakin teku na fara bayanin yadda ake ɗaure jirgin ruwa, Baffa ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Halas! Halas! Mun yarda, zauna!" Ko rabin jawabina ban kai ba. Ku auna da na kai ƙarshe.

An yarda a baki, an kuma yi aiki da shi a wasu ƙofofi. Amma Baffa bai taɓa dafa kafaɗar Mai Masa ba, ko masarsa sai dai a sayo masa a ce daga wani wuri take. Shi kuwa Mai Masa, tun daga ran nan ya zama ɗan gida. Da ciwo ya kwantar da Gwaggo shi ke dama mata kunu, shi ke zama a bakin ƙofa yana ba ta labarin unguwa da kwaikwayon muryar kowa, har da tawa, wadda bai iya ba sam. Ana saura 'yan kwanaki ta rasu, ta ce a gabana da gaban Baffa, "Ƙanena zai tsaya a sahuna." Baffa ya dubi bango. Ta ce in ba su wuri, na fita, suka yi magana su biyu.

To ga mu a ranar. An kai ta Harami, an rufe ta, an dawo. Na jera kujerunta a ƙofarta, karo na farko ba ita ta buɗe min ɗakin ba. Aka idar da Magariba. Mu mazan gida muka fara tsayawa, Baffa a gaba, don shi ne babba, kuma shi ke cewa wane ya tsaya, wane ya zauna. Titi ya cika maƙil, har da mutanen da ba su taɓa yafe wa Gwaggo ba. Mai Masa yana nan tsallake inda na gan shi tun rana. In aka fara ta'aziyya babu shi, shi ke nan, maganar Gwaggo ta bi ta kabari, kuma kowa zai gane dokar ƙungiya ta mutu tare da mai makulli.

Na ga babu mai motsi. Na fito daga sahu, na tsaya gaban Baffa, na gyara hula, na ce, "Baffa, jama'a, kafin a fara, lokacin da kakanmu ya hau jirgin ruwa..."

Baffa ya ture ni da sanda. Ya tsallaka titi da ƙafarsa mai ciwo, jama'a suna buɗa masa hanya, ya tsaya a kan Mai Masa.

"Tashi."

"Alhaji, ka bar ni a nan, nan ma ya ishe ni. Kada a ɓata mata zama saboda ni."

"Tashi, na ce. Ta bar ni da rigima tana da rai, ba za ta bar ni da ita tana kabari ba. Kai ka ba ta kunu, ni ban ba ta ba."

Ya kamo hannunsa ya jawo shi, ya tsayar da shi a gefensa na dama, gaba da 'ya'yan cikinta, gaba da ni. Aka fara wucewa. Na sa ido. Wasu sun dafa Baffa suka tsallake kafaɗa ta biyu, ba zan ɓoye ba. Amma mafi yawa sun dafa. Matashin nan mai karatu, wanda yanzu gemunsa ya fara furfura, ya dafa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ya jiƙan Hajiya." Daga tagar sama, inda mata suke, na ji tsohuwar ƙawarta ta fashe da kukan da ta riƙe tun safe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa kabarinta ya fi ɗakin kujeru yalwa, ya zaunar da ita inda ba a tambayar baƙo ko shi ɗan wa ne. Makullin yanzu yana bakin mayafin matata. Na ɗauka ni za a ba wa, amma an ce Gwaggo ta ce a ba wa mai hankalin gidan.

Rana ta uku, muna loda kujeru bayan Isha, na ga Baffa zaune shi kaɗai yana cin masa a fili, ba ɓoyo. Na matsa na ce, "Baffa, ka ga ikon Allah? Kalma nawa na faɗa shekaranjiya, zuciyarka ta karaya. Gwaggo ta san wanda ta riƙe."

Ya gama taunawa, ya share baki, ya dube ni.

"Ta sani ƙwarai. Ran da ta fitar da kai daga ɗaki, cewa ta yi in na ƙi, ta bar maka wasiyya ka yi min bayani har kakanmu ya iso Makka. Ɗana, ni tsoho ne. Ba ni da sauran shekarun."